Yadda Arish Ya Zama Gauta a Gidanmu

Na dawo Jos wajen ƙarshen shekarun saba'in, bayan na gama jami'a na yi bautar ƙasa. Na sami aiki a wata ma'aikata, na koma ɗakina na da a gidanmu na Dutse Uku. Labarin ƙasa na karanta, wato duwatsu da ruwan sama da taswira, amma a gidanmu ba a rarrabe digiri. Wanda ya je jami'a ya san komai, tun daga gyaran rediyo har dalilin da ya sa akuya ta ƙi cin dusa. Ni kuwa babban abin da na koyo a can shi ne tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. In aka tambaye ni ko za a yi ruwa yau, sai in dubi sama in ce akwai alama, amma ya danganta da iska.

Kakata, mahaifiyar Baba, ta fi kowa jin daɗin wannan hali nawa. Maigida take kirana, kamar yadda kaka ke yi wa jikanta, ni kuma in ce mata uwargida. Takan gaya wa baƙi cewa maza biyu ta aura a duniya. Na farko in ya ce e, to e ce. Na biyu kuwa ko sunansa aka tambaye shi sai ya ce a ba shi lokaci ya bincika.

A wani ƙauye bayan Toro aka haife ta. Aure ya kawo ta Jos tun lokacin da kakana ke sayar wa masu haƙar kuza nama, kuma a nan ta haɗu da abincin da ta fi so a rayuwarta. Abin da mutanen Kano ke kira dankalin Turawa, mu a Jos arish muke ce masa, ba mai haɗa shi da kalmar dankali. Dankali a bakinmu shi ne na Hausa, mai zaƙi. Kaka ba ta damu da shi ba, takan ce abincin yara ne. Amma arish, ko soyayye ko dafaffe ko fate, ba ta ƙi ta ci shi safe da yamma ba.

Da farkon wata damina ta fara yawan shan ruwa, tana ta zarya zuwa bayi, ga gajiya. Inna, mahaifiyata, ita ta lura tururuwa na taruwa a inda Kaka ta yi fitsari. Baba yana Kudu da shanu, don fatauci ne sana'arsa, saboda haka Inna ce ta kai ta asibiti. Ni ban nemi izini a ofis na bi su ba, don ban tabbata abin ya kai a ɗaga wa oga hankali ba. Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa, wata nas 'yar Filato ce ta yi tafinta. Aka ce ciwon sukari ne. Aka ba ta ƙwayar da za ta riƙa sha kowace safiya, aka ce ta bar sukari da zuma da rake, ta rage tuwo da shinkafa da doya da dankali, ta yawaita ganye da gauta.

Kaka ta karɓi wannan duka ba musu. Da suka iso gida ta ce wa Inna a yi mata faten arish.

Inna suruka ce, ba za ta iya kallon idon uwar mijinta ta ce a'a ba. Sai ta yi ta jan ƙafa da feraye har na dawo daga aiki, sannan ta kawo maganar gabana a tsakar gida, tana magana da ni amma don kunnen Kaka. Ta ce ita dai a ganinta dankalin Turawa ai dankali ne, tun da ga shi nan a sunansa. Kaka ta ce ƙanwar uwa ma da uwa a sunanta, amma ba ita ta haife ka ba. Ta ce da kunnenta ta ji, dankali aka ce, ba a ce arish ba, kuma duk wanda ya taɓa jin zaƙi a arish ya zo ya faɗa. Daga nan suka juyo gare ni su biyu.

Na zauna a kan turmi na yi iya ƙoƙarina. Na ce a Turanci suna ɗaya ne ya haɗa su, don haka mai yiwuwa likita duka biyun yake nufi, ko da yake ban ji da kunnena ba. Na ce amma kuma, in za a bi gaskiyar ilimi, ba dangi ɗaya ba ne. Dankalin Hausa danginsa daban. Arish kuwa, a wajen masana tsirrai, ɗan'uwan tumatir ne da gauta.

Kaka ta ajiye carbinta a cinya.

"Ɗan'uwan me?"

"Gauta. Amma wannan a fannin..."

"To kin ji da kunnenki," ta ce wa Inna. "Gauta ne. Kuma gauta aka ce in yawaita. Allah ya yi maka albarka, maigida, yau dai karatun nan ya yi rana."

Na bi ta da bayani har ƙofar ɗakinta, amma ta riga ta saki labule. Abin da na faɗa gaskiya ne, har yau in aka duba littafi haka za a gani. Sai dai tun daga ranar muka raba kowace magana tawa gida biyu ni da ita: ta ɗauki farkon, ta bar mini daga "amma" zuwa ƙarshe.

Haka aka yi da ayaba. A lokacin motoci na sauke ta a kasuwar Laranto, da araha, Kaka kuma haƙoranta sun fara barinta, ayaba ba ta ba ta wahala. Ta ce a asibiti ba wanda ya ambaci sunan ayaba, da alheri ko da sharri. Da aka tambaye ni na ce 'ya'yan itace na da amfani ga jiki, amma ita ayaba in ta nuna sosai zaƙinta na da yawa. Kaka ta ce amfani ga jiki, ai shi ke nan. Ta ƙara da cewa ta taɓa jin wani malami ya ce akwai ayaba a Aljanna. Na ce to uwargida ta yi haƙuri mana sai ta je can. Ta ce ba ta da niyyar tafiya sai ta ga ranar da zan amsa tambaya da kalma ɗaya.

Damina ta yi nisa, arish ya cika kasuwa. Maƙwabciyarmu, wata malamar firamare da danginta ke noma wajen Bokkos, takan aiko mana da shi a kwando, sabon tono, fatarsa na saɓulewa da yatsa. Kaka ta bar tuwo gaba ɗaya, tana cewa ta fi ƙarfin umarnin likita, an ce ta rage ita kuwa ta daina. Da safe ayaba, da rana soyayyen arish, da yamma fate. In baƙuwa ta shigo sai ta miƙa mata kwano ta ce bisimilla, ga gautan maigida. Wake, nama, nono, duk ta ture su gefe. Na shiga damuwa ko mutum zai iya rayuwa a kan abu biyu kawai. Na tuna na taɓa karanta labarin wata ƙasa da talakawanta suka daɗe suna rayuwa kusan a kan arish, na kuwa faɗa a fili ina tunani, kafin in kai ga cewa su da madara suke haɗawa kuma ba su da ciwon sukari. Kaka ta ce mutanen kirki ke nan.

Ranar komawa asibiti ta zo. A wancan zamani fitsari ake gwadawa, a haɗa shi da wani ruwa shuɗi a 'yar kwalba a ɗora a wuta. In ya tsaya shuɗi lafiya, in ya sauya launi akwai magana. Na Kaka, in ji Inna, ya koma kamar jar ƙasa. Nas ɗin ta yi faɗa sosai, kuma Inna ta yi wa, don ba a yi wa tsohuwa faɗa. Ranar Inna ta dai ajiye mini abinci a ƙofar ɗaki ba ta kira ni ba.

Washegari da aka tashi aiki na wuce ɗakin karatu na cikin gari, na nemo wani ƙaton littafin likitanci. A nan na ga abin da ya kamata in nema tun farko: ba harshe ne ke yanke hukunci ba. Abinci irin su arish da doya da tuwo, ko ba a ji zaƙinsu a baki ba, in sun shiga ciki sukari suke komawa. Da na tsaya a nan da an huta. Amma na ci gaba da buɗe shafi, na karanta abin da ciwon ke yi wa ido, da ƙoda, da ƙafar da ta yi gyambo ta ƙi warkewa. Har da hotuna.

Na ce wa Inna wataƙila zai fi kyau a ɗan dakatar da arish da ayaba, da ma duk abin da ake shakka, har sai an tabbatar. Ita ma ashe ta koyi raba maganata. Ta jefar da "wataƙila" da "ɗan", ta riƙe sauran da hannu biyu. Yanzu tana da abin faɗa: ba ita ta hana ba, mai digiri ne.

Aka koma ba Kaka acca kaɗan a gindin kwano, da miyar shuwaka, da kabeji, da gauta na gaske, mai ɗacin nan. Takan kalli kwanon, ta kalle ni, ta ce ashe shi ma gautan yana da 'yan'uwan da ba a so a gani. Ta yi loma biyu ta ture. Zaninta ya fara zagaya ta fiye da da, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Ƙwayar kuwa ba ta taɓa fashi ba, don ni nake tsayawa a kanta kowace safiya har ta haɗiye kafin in tafi ofis. Ina ganin ramar, amma duk lokacin da na yi niyyar cewa a sassauta sai hoton ƙafar nan ya faɗo mini.

Wata Asabar da hantsi ina wanki, sai na ji Inna na kiran sunana da wata irin murya. Kaka na zaune a tabarma, hannunta na rawa, gumi na keto mata cikin sanyin Jos, maganarta ba ta fita sosai. Ko karyawa ba ta yi ba ranar. Allah ya taimake ni na tuna wani shafi a littafin nan da ya ce mai shan irin wannan ƙwaya in bai ci abinci ba, sukarin kan faɗi ƙasa da kima, kuma wannan ya fi gaggawa. Babu sukari a gidan, Inna ta kyautar da shi. Na ruga ɗakina na ɗauko ayaba nunanniya, na ɓare, na riƙa ba ta a baki kaɗan-kaɗan. Can rawar ta lafa, idonta ya dawo daidai. Ta jingina da bango tana numfashi, ta dubi ɓawon da ke hannuna.

"A ina ka samo?"

Na ce a ɗakina.

"Wato ni ake hanawa, kai kana ci a ɓoye."

Na ce ai ni ba ni da ciwon, kuma ban so ta gani ranta ya biya ba.

"Ka ga miji," ta ce wa Inna.

Mun yi dariya, amma dariyar ba ta kwana ba. Da la'asar ta kira ni ɗakinta. Na tarar ta ɗaure kayanta a zani, ƙullin na kan gado. Ba ta ce maigida ba, sunana na yanka ta kira, abin da na manta rabon da in ji a bakinta. Ta ce za ta koma ƙauye wajen ƙanenta. Ta ce ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, ba za ta ƙarasa kwananta ana leƙa mata kwano ba. Can ba wanda ya san sukari sai na shayi. Juma'a mai zuwa in raka ta tasha, in kuwa ba zan raka ta ba ta san hanya.

Na san ƙauyen. Daga inda mota ke ajiye mutum sai an yi tafiya mai nisa a ƙasa, kuma da damina rafi kan raba su da titi. Babu asibiti, babu mai gwada fitsari, in ƙwaya ta ƙare ta ƙare. Baba ba zai dawo ba sai bayan sati da yawa, Inna kuwa ba ta isa ta tare ƙofa ba. Na roƙe ta abu ɗaya, ta bari mu koma wajen likita ni da ita kafin Juma'a. Ta ce ta yarda, don ta ga yadda zan yi wataƙila da Turanci.

Ranar Litinin na shiga wajen oga neman izini, na fara bayani tun daga tururuwa. Bai bari na kai rabi ba ya ce in tafi.

A asibiti mun sha layi a kan benci har rana ta ɗaga. Da muka shiga, nas ɗin ta gane Kaka, ta ce da irin Hausarta, "Mama, ka rame fa." Kaka ta nuna ni da haɓa ta ce a tambayi wannan. Na gaishe da likita, na jero tambayata yadda na shirya ta a hanya, da sharaɗi a gaba da togiya a baya, har da maganar dangin tsirrai. Ya saurara yana murza ido, da alama tun asuba yake ganin mutane. Ya sa aka auna nauyinta, ya ji labarin ranar Asabar, ya ɓata fuska.

Amsarsa, in na taƙaita, ita ce duka biyun yake nufi, na Hausa da na Turawa, amma rage ya ce, bai ce a daina ba. Arish ba guba ba ne, ayaba ma haka. Sai dai su kaɗai ba sa riƙe jiki, kuma in an cika su sukari zai hau. Ta ci arish dafaffe, ba soyayye ba, kaɗan, tare da wake ko nama ko ƙwai, da ganye mai yawa. Ranar da ta ci arish kada a haɗa mata da tuwo a zama ɗaya. Ayaba ƙarama guda, wadda ba ta nuna ta yi laushi ba, kuma ba kullum ba. Abin da ya fi jaddadawa shi ne kada ta sake shan ƙwaya ta zauna da yunwa. Na tambaye shi kaɗan ɗin nawa ne. Ya ce ya danganta da sauran abin da ta ci, da yadda gwaji ya nuna. Sannan ya dunƙule hannunsa ya ɗaga, ya ce kamar haka.

Na juyo zan fassara. Na fara da cewa likita ya ce abin ya danganta, sai Kaka ta tambaya ko makarantarmu ɗaya da shi. Nas ɗin ta juya baya kafaɗunta na motsi. Na sake ɗauko bayanin daga wani gefen, ina dafaffe, ina ganye, ina sharaɗi. Kaka ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Ni tsohuwa ce, kuma kayana a ɗaure suke. In ci ko kada in ci?"

Duk togiyar da na sani ta zo mini a rai. Kowace ɗaya gaskiya ce, kuma na san in na saki ɗaya, ko dai ta ɗauki rabin da take so, ko Inna ta ɗauki ɗaya rabin, ko kuma Juma'a ta same mu a tasha.

"Ki ci," na ce. "Dafaffe, da wake da ganye, kamar dunƙulen hannu. Ayaba ɗaya ƙarama. Kuma ki karya kafin rana ta yi. Ni zan riƙa zama mu ci tare."

Ta juya ta ce wa nas ɗin ta shaida, yau maigida ya yi magana irin ta maza.

A hanyar dawowa muka sauka a Laranto, ta zaɓi arish da kanta, tana juya kowane ɗaya tana ƙi. Muka sayi wake da alayyafo, ta ɗauki ayaba mai sauran kore a baki tana yamutsa fuska. Sai da muka iso gida Inna ta ɗora tukunya sannan sabuwar magana ta taso. Inna ta dubi hannun Kaka, wanda rama ta mayar kamar na yarinya, ta ɗebi arish daidai shi. Kaka ta ce sam, ba hannunta aka nuna ba. Likita hannunsa ya ɗaga, kowa ya gani, kuma mutumin nan ƙato ne. Suka juyo gare ni. Na ce a gaskiya bai fayyace ba, amma a riƙa aunawa da nawa, tun da yana tsakani. Kaka ta kama hannuna ta jujjuya, ta ce hannun biro ne, ba auki, amma ta karɓa.

Gwajin da ya biyo baya bai koma shuɗi ba, kore ya yi, nas ɗin ta ce an samu ci gaba. Wani watan ya fi haka kyau, wani watan ya ɓaci, musamman in an yi biki a unguwa. Ba zan ce mun gane kan ciwon ba, kuma ban san ko da mun bi wata hanyar da ta fi ba. Jikinta dai ya dawo, ta koma zuwa gaisuwa har unguwar Jos Jarawa da ƙafarta.

Juma'ar kuwa ta zo ta wuce. Da hantsi wani mai zuwa ƙauyen ya biyo, kamar yadda ta aika a kira shi tun farko don ya riƙe mata kaya. Ta fito ta gaishe shi, ta ce ya gaya wa ƙanenta ba ta samu zuwa ba bana, miji ya hana. In zai dawo kuma ya taho mata da daddawa, ta garin nan ba ta da ƙamshi.